Tari a Cikin Kiɗan Auta

Litinin, da hantsi

Matar Auta ce take rubuta mini wannan, ni ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba. Amarya nake ce mata har yau, ko da yake 'yarta ta fari tana makarantar kwana, har ta fi ta tsawo. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki, don in ya dawo shi zan sa ya karanta mini, in ji ko ta rage wani abu. Tana murmushi. Rubuta cewa kin yi murmushi.

Auta ya yi tafiya. Haka aka ce mini. Na je gidan yayarsa na kwana biyu, na dawo na tarar ba ya nan. Wai masu kamfanin da yake yi wa gyaran firij ne suka ɗauke shi da gaggawa, wani ƙaton ɗakin sanyi ya lalace a wani gari mai nisa, kayan mutane za su ruɓe. To. Amma yaron nan ko shago zai leƙa sai ya tsaya a bakin ƙofata ya ce, "Inna, na fita." Ga furfura a gemunsa, bai daina ba. Wannan karon babu sallama.

Na ce a kira mini shi. Amarya ta ce can babu layi sai an hau tudu. Na ce to ya hau tudun mana, ƙafa ce ba shi da ita? Ta miƙe ta ce ta bar ruwa a wuta.

Alhamis, bayan la'asar

Gidan nan ya yi shiru har kunnena yana kuka. Rubuta masa haka.

Ni da na yi shekaru ina faɗa da jitar nan, yau ga ni ina kewar ta. Shi ba irin kiɗan samarin nan yake yi ba, masu karza tsirkiya da 'yar roba kamar suna kankare tukunya. Da yatsu yake taɓa ta. Babban yatsa yana tafiya a kan masu kauri, a hankali kamar tsoho zai je kasuwa, sauran suna guje-guje a kan siraran. Ba ya waƙa. Na sha ce masa, kiɗa babu waƙa ina amfaninsa? Ya ce, "Inna, waƙar tana ciki, ke ce ba ki tsaya kin ji ba."

Hannun damansa farata zaƙo-zaƙo, na hagu a yanke tas, kan yatsun duk kanta. Ranar da farce ɗaya ya karye a wurin aiki, ya shigo gida sai ka ce rasuwa aka yi, ya zauna yana liƙa shi da gam. Na ce a kawo almakashi in raba gardama, ya ɓoye hannun a hammata, ƙaton mutum.

Duk Asabar da rana yake ɗaukar kiɗan a waya. Ya shiga ɗakin ajiya, ya rataya barguna a bango, ya jingina tsohuwar katifa a ƙofa, ya ɗora wayar a kan buhun shinkafa. Kafin nan sai ya bi gida yana kashe komai: fanka, rediyona, har firij, mai gyaran firij da kansa. Sai ya leƙo ya ce, "Jama'a, a ɗan ɗauke numfashi." Mu zauna kamar gumaka, zufa tana keto mana. In cokali ya faɗi, an koma farko. In ya samu wanda ya yi masa, sai ya tura wa mutanensa na cikin waya. Wani zaure ne suke da shi, duk masu irin wannan kiɗan, kowa a ɗakinsa yake yi ya turo. Bai taɓa ganin ko ɗaya ido da ido ba, amma ya san wanda matarsa ta haihu da wanda aka sallama daga aiki.

Na duba bayan ƙofa, jitar ba ta nan. Amarya ta ce ya tafi da ita. Hankalina ya ɗan kwanta. Wanda ya tuna ya ɗauki jita ai ba a gigice ya fita ba.

Jumma'a, da safe

Ban ji daɗin barci ba. Shi ke nan, rufe.

Asabar, da yamma

Ya turo! Amarya ta shigo da wayarta ta ce, "Inna, ga saƙonki." Kiɗa ne, irin mai sanyin nan nasa. Na sa ta maimaita har batir ya yi ja. Na ce amma in layin ya iya ɗauko kiɗa, me zai hana shi ɗauko "Inna, ina wuni"? Ta ce ba ta san kan waɗannan abubuwa ba. Ni ma ban sani ba. Wataƙila murya ta fi kiɗa nauyi.

Tana sauraro tana kallon bango. Na ce, "Ke, mijinki ne fa, ba sanarwar rediyo ba, ki ɗan saki fuska." Ta saki, amma iya baki ta tsaya.

Talata, bayan azahar

Amarya kullum tana fita da kula biyu. Wai ƙanwarta ce ba ta jin daɗi. Ta dawo da yamma ƙafa a kumbure, mayafinta yana warin maganin nan da ake goge ƙasa da shi. Na san warin. Na zauna a cikinsa wata da watanni lokacin babansu.

Ba zan faɗi sunan abin da ya sami babansu ba, kada ki tambaye ni. Mutum ne yana ɗaura takalmi zai fita, shi ke nan. Bayan an dawo da shi gida ba ya son kowa ya shigo, yana jifan mutane da kofi da hannun da ya rage masa. Shi da ya taɓa rantsuwa sai ya fasa jitar nan ya hura wuta da ita, ya dawo ba ya cin abinci sai Auta ya zauna a gefen gado yana taɓawa. Lokacin Auta yana saurayi, kiɗa ɗaya ya iya, shi yake ta juyawa har uban ya yi barci.

Me ya kawo wannan maganar ma? Warin ne. Allah Ya ba ƙanwarki lafiya. Rubuta.

Alhamis, da hantsi

Dogo mai aski ya zo gaishe ni. Abokin Auta ne tun suna yawo ba takalmi, shi ma yana da jita, sai dai in ya taɓa ta kaji ma barin unguwa suke yi. Ya zo da lemo da ayaba leda guda. Na ce, "Kai Dogo, yaushe ka fara kyauta? Ko aski ya koma zinare?"

Ya ce, "Haba Inna, ke fa budurwata ce, toshi na kawo."

Na ce, "Budurwar da ka shekara ba ka leƙo ba? Tafi can, na yi sabon saurayi."

Ya yi dariya har da buga cinya. Dariyar ta yi yawa a kan wannan 'yar maganar. Na ce ya yi waya da abokinsa? Ya ce ƙwarai, jiya-jiyan nan, yana lafiya garau, har ya yi ƙiba. Na ce ashe kai layin yana kama maka. Ya sunkuya yana gyaran igiyar takalmin da babu abin da ya same ta.

Yayar Auta kuma ta kira ni har sau nawa yau, tana tambaya ko na sha maganin hawan jinina. Da can sai in mutu in tashi ba ta sani ba.

Asabar, bayan la'asar

Wani kiɗan ya sake zuwa. Wannan mai ɗan sauri ne, yana hawa yana sauka kamar yara a matakala. Amarya ta ce har a zauren nasu ya saka, ta karanta mini abin da mutanensa suka ce. Wani ya ce ya sa wa jaririnsa ya yi barci. Wani ya ce yana son a nuna masa yadda aka ɗaure tsirkiyoyin. Wani kuma ya ce, kiɗa ya yi daɗi, a gaishe da mai tari.

Na ce wane tari? Ta ce oho, raha ce irin tasu. Na ce maida mini ƙarshen, ki ƙara murya. Ta maida.

Ki ajiye alƙalamin, kaina yana sarawa.

Lahadi, da safe

Na sha magani. A gaya wa masu tambaya.

Litinin, da yamma

Amarya ta fita tun safe da kulolinta. Na ce bari in ɗan motsa jiki, na shiga ɗakinsu neman allura. Ban samu allura ba. Ƙurar da ke kan durowarku ta yi yawa, Amarya, har da abin da ke samanta, wanda aka lulluɓe da zanen gado. Ban taɓa ba. Tsawona ma bai kai ba. Wuyansa kawai na gani ya leƙo.

Kin tsaya. Ci gaba da rubutu, ban gama ba.

A'a, na gama.

Talata, bayan azahar

Yau zauna sosai. Ƙanwarki za ta jira. Abin da na faɗa shi za ki sa.

Tarin nan nawa ne. Wa zai kasa gane tarinsa? Bara ne, lokacin da mura ta kwantar da ni. Ya ce a ɗauke numfashi, na ɗauke. Abin ya taso mini tun tsakiyar kiɗan, na toshe baki da gefen zane, hawaye yana zuba, na danne, na danne, saura ƙiris ya sauka sai ya ƙwace mini. Ya buɗe ƙofa katifar ta faɗo masa a ka, ya ce, "Inna, kin kashe ni, wannan ne mafi kyau da na yi yau!" Na ce to a kai ni kotu. Ya kawo mini ruwa yana dariya, ya koma ya sake wani. Kiɗan ma daga baya ya ce bai nuna ba, ya ajiye shi, bai tura wa kowa ba.

Ke ba kya nan ran nan, kin je ziyarar makarantar 'yarki. Shi ya sa.

Na gane dabarar, kuma ba ta wawa ba ce. Kin ce bari ki zaɓo waɗanda bai taɓa turawa ba, don kada in ce na taɓa ji. Abin da ba ki lissafa ba, duk wanda ya ajiye akwai dalili, kuma rabin dalilan ni ce. In na koma na farkon ma na kasa kunne, na san zan ji ko sandata ko ƙofar banɗaki.

Ke nan wayarsa tana hannunki. Jitarsa tana kan durowa. Shi yana ina?

Yi kukanki, zan jira. Ungo gefen zanena. Ba faɗa nake yi ba, 'yar nan. Makonni kina ɗauke da wannan kaya ke kaɗai, kina dawowa kina dafa mini abinci, ina sa ki rubuta shirme. Da ni ce da tuni na zube.

Abu biyu zan tambaya, ba na son sunan ciwo, ba na son abin da likita ya ce.

Wane ɓari ne?

Ta ce dama.

Yana magana?

Ta ce kaɗan, da ƙyar, ita kaɗai take ganewa.

Dama. Na babansu hagu ne. Rubuta dai. Dama.

Laraba, da safe

Ban mutu ba. Ga ni zaune, na karya, na sha magani. A gaya wa yayarsa jinin bai fasa mini kai ba.

Laraba, da yamma

Na yafa mayafi na ce mu tafi. Amarya ta durƙusa ta riƙe mini ƙafa. Ashe ba don jinina kaɗai aka ɓoye ba. Shi ne ya hana. Abin da ya fara iya haɗawa da bakinsa ke nan, kada Inna ta zo. Ta ce yau da ta gaya masa na sani, ya juya fuska bango, ko ruwa bai karɓa ba. Masu motsa masa hannu sun zo ya ƙi ba su. Sun ce makonnin nan na farko su ne masu tsada, abin da aka bari ya kwanta yanzu da wuya ya tashi.

Na san dalilinsa. Shi ya taya ni juya ubansa, shi ya ga yadda na koma kamar tsinke. Yana ganin zai sake ɗora mini. Wawan yaro. Wa ya gaya masa zaman nan da nake yi ina kallon ƙofa ya fi sauƙi?

Na cire mayafin. Ba zan faɗa masa ɗaki da ƙarfi ba, ya ji kunya a gaban mutane.

Alhamis, bayan la'asar

Na sa Dogo ya sauko da jitar ya kai masa. Ya shigo yana sunkuyar da kai, na ce, "Saurayi, ina wanda ya yi ƙiba?" Ya ce, "Inna, ki yafe mini, wallahi ni ƙarya ba ta karɓe ni ba." Na ce ai na gani, kamar kiɗa.

Ya dawo da ita kafin magariba. Ya ce da Auta ya gan ta ya rufe ido, ya tura ta da ƙafa har ta kusa faɗuwa. Kuma wai ya nuna wa ma'aikaciyar asibiti hannun, ya ce ta yanke faratan. Ta yanke.

Shekara nawa ina bin sa da almakashi.

Ba na son ƙara komai yau.

Jumma'a, da hantsi

Bai ci ba jiya ma. Kulolin sun dawo da nauyinsu.

Asabar, da rana

Rubuta abin da muka yi, don kada ya ce ƙarya ne.

Na ce tunda ba ya son ganina, zai ji ni. Amarya ta ce in yi magana a nan falo ta ɗauka. Na ce a'a, yadda ake yi za a yi. Muka rataya barguna. Ta ja katifar, ni ina ba da umarni. Na bi gida da sandata na kashe fanka, na kashe rediyo, na sa ta zare wa firij wuta. Na zauna a kan 'yar kujerarsa, gwiwoyina suna ƙara, wayar tana kan buhu. Ɗakin ashe zafi ne da shi haka, ga warin albasa. A nan yaron nan yake zama da son ransa!

Ga abin da na ce masa, in na manta wani ki cika:

"Auta, ni ce. An kashe firij, saboda haka ka saurara da kyau, nama yana narkewa. Na ji an yanke farata. Madalla, ka ga yanzu sai ka ci abinci kamar mutane. Suna tsirowa, ko kana so ko ba ka so. Na ji ka ce kada in zo. To ban zo ba. Amma ka sani ni ba baƙuwar wannan abin ba ce, na san shi ya san ni, kuma bai fi ƙarfin idona ba. Ubanka ya jefe ni da kofi ban gudu ba, balle kai da na yi wa wanka a roba. Ka miƙa wa mutanen nan hannunka su yi aikinsu. Matarka ta rame. Mutanenka na waya an ba su ragowar da ka zubar suna ta yabo, har tarina ya yi suna a duniya, ka tashi ka wanke kanka. Ni ina nan. Ran da ka shirya ka aiko."

Daga nan muryata ta ƙi, na yi wa Amarya hannu ta kashe. Ta ce ko mu sake wani, don ƙarshen ya ɗan lalace. Na ce a kai masa haka.

Na ce Dogo ya mayar da jitar, ya jingina ta inda ƙafa ba ta kaiwa, kada ya ce uffan.

Lahadi, da yamma

Ta kunna masa. Ya saurara har ƙarshe. Ta ce da za ta tafi ya riƙe wayar, bai ba ta ba.

Litinin

Shiru.

Talata, bayan azahar

Kula ɗaya ta dawo rabi. Ban tambaya ba, ɗagawa na yi na ji.

Duk motar da ta tsaya a waje sai gabana ya faɗi. In waya ta yi ƙara sai in kama bango.

Alhamis, bayan la'asar

Amarya ta shigo ko takalmi ba ta cire ba, ta ce, "Inna, wannan na yau ne, na rantse." Na ce ba sai kin rantse ba, kunna.

Ba bargo, ba katifa. Ana jin ana tura keken marasa lafiya, wani yana kiran ma'aikaciya, fanka tana ta kaɗawa abinta. Sai kiɗa ya fara, in dai za a kira shi kiɗa. Yana tafiya yana tuntuɓe, ya tsaya, ya koma. Na ce wannan babban yatsan ba nasa ba ne, wannan ai sara yake yi. Ta ce na Dogo ne. Sun zauna kafaɗa da kafaɗa a bakin gado, jitar a kan cinyoyinsu, Dogo yana taɓa tsirkiya da damansa, Auta yana danna wuyan da hagunsa. Ta ce duk ɗakin an zuba musu ido, wani tsoho mai karaya har da tafi.

A tsakiya Dogo ya taɓa wadda ba ita ba. Sai na ji wata murya mai nauyi, kamar an cika baki da ruwa, ta ce, "Ja...ki." Dogo ya ce, "Ni ne jakin? To karɓi abarka ka yi da kanka, malam gwani!" Sai wani sauti, na ɗauka shaƙewa ce. Amarya ta ce dariya ce, haka take fita yanzu.

Suka lallaɓa har ƙarshe. Ina jin numfashinsa kusa da wayar, yana tattaro kalmar kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Ya ce, "Inna." Ya huta. Ya ce, "Zo."

Na sa ta maida wurin. Ta maida. Ban sa ta ƙara ba, na ji.

Ta ce ya nuna a tura wa mutanen zauren ma, haka yadda yake, a gaya musu gaskiya. Ta ce da safe kuma ya bar masu motsa hannun sun yi aikinsu, yana ta zufa yana harararsu. Hannun bai ce komai ba tukuna. Ba su yi alkawari ba, ni ma ban nema ba.

Ki goge mini zanen nan mai ruwan ƙasa. Ki gaya wa Dogo ya samo mota mai ƙofa ƙasa-ƙasa, ba irin wadda ake hawa kamar bishiya ba. In mun shiga kada kowa ya riƙe ni, da ƙafata zan ƙarasa gadon. In kin ga fuskata za ta lalace, ki taka mini ƙafa.

Gabana yana faɗuwa har yanzu, ban san me zan tarar ba. Amma an kira ni.

Na gaji, 'yar nan. Ajiye haka.

Ni Amarya na ƙara wannan: Inna ta jingina da bango ta rufe ido, wayar tana cinyarta. Na ajiye alƙalamin.